Shekarar da Aka Daina Sayen Ƙulina

Mijina direban tirela ne. Shanu yake ɗauka daga kasuwar Pataskum ya kai kudu, ya juyo da katako ko gishiri ko duk abin da ya samu. In ya tafi sai ya yi kwana goma, wani lokaci sati biyu. Muna zaune a wani gidan haya a unguwar Dogo Tebo, nan cikin Pataskum, ɗaki huɗu a jere suna kallon tsakar gida, da rijiya da bishiyar dogonyaro guda ɗaya. A tsakiyar shekarun casa'in ne, zamanin soja, lokacin da motoci ke kwana a layin mai. Shekarata ashirin da shida, ina da 'ya'ya mata biyu da na haifa rana ɗaya, shi ya sa kowa a gidan yake ce mini Uwar Biyu.

Ɗakin farko na Iya ne. Tsohuwa ce 'yar Ngizim, ta haura saba'in, haihuwar Yindiski da ke gefen gari, tana da 'yar gona a can da take takawa da ƙafa duk damina. 'Ya'yanta duk sun riga ta. Hausarta ta koyo ce, in ranta ya ɓaci mace da namiji duk "kai" take ce musu. Ɗaki na biyu na Gwaggo ne, mai kimanin shekara arba'in da biyar, wadda iyayenta Kanawa ne da fatauci ya kawo su garin. Aurenta ya mutu da daɗewa, ta ce ita ta gama, tana yawon sayar da atamfa da mayafai gida-gida. Ba ta iya ganin abu ta yi shiru ba. Na uku namu ne. Na huɗu na wani bakanike ne mai gyaran manyan motoci, da matarsa da ya auro daga Gadaka, 'yar shekara goma sha tara. Ta shekara biyu a gidan ba mu daina ce mata Amarya ba.

Sana'ata man gyaɗa ce da ƙuli-ƙuli. Iya ce ta koya mini. Ranar aiki duk mu huɗu ne a kai, ko da yake sana'ar tawa ce. Iya tana juya gyaɗa a kasko da yashi, Amarya tana murjewa tana sheƙewa, ni in ɗauka in kai inji a niƙa, in dawo mu matse mai a turmi. Gwaggo kuwa tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno tana ba mu labarin gidajen da ta shiga, tana gyara mana aikin da ba ta iya ba. Kafin la'asar an cika kwalabe, ƙuli yana shan iska a faifai. Matan unguwa su aiko yara, masu tsire biyu na bakin titi su aiko da kwanonsu, don da ƙulina suke haɗa yaji.

Wata tafiya mijina ya dawo da tari. Muka ce sanyin hanya ne. Tarin ya ƙi tafiya, zazzaɓi ya biyo baya, ya fara ramewa. A asibiti likita ya ce tarin huhu ne, ya rubuta magani. Ya sha, ya ji dama-dama, ya koma mota tun bai warware ba, don in bai tuƙa ba wani za a ba. Da ya dawo karo na biyu sai da abokansa suka riƙo shi daga bakin titi zuwa ɗaki. Wata takwas ina jinyarsa. Mutumin da yake ɗaga buhun masara shi kaɗai ya koma ina ɗaga shi kamar yaro. Ya rasu wata safiyar Litinin, yana riƙe da gefen zanena.

Na yi takaba wata huɗu da kwana goma ban leƙa ƙofar gida ba, saboda haka ban san abin da ake faɗa a waje ba. Na dai lura masu zuwa gaisuwa ba sa zama, ba sa shan ruwan da aka kawo musu. Na ɗauka kunya ce ko tausayi. Na kuma lura maƙwabta da suka saba shigowa ɗibar ruwa a rijiyarmu sun ɗauke ƙafa. Na tambayi Gwaggo, ta ce, "Sun samu ta zuma a wani gidan." Ban ƙara tambaya ba.

Da na fita takaba sai na sayi gyaɗa na koma aiki, don ba ni da wani abin yi, kuma ga yara biyu. Muka soya, muka matse, muka jera. Har rana ta faɗi ba wanda ya aiko. Washegari ma haka. Rana ta uku na yafa mayafi na ɗauki kwano na kai wa ɗaya daga cikin masu tsiren da kaina. Da ya hango ni sai ya shiga gyaran wuta. Na yi sallama, ya amsa yana kallon gawayi.

Na ce, "Malam, na kawo ƙulin. Na ga ba a aiko ba."

Ya ce, "Ki yi haƙuri, mun canja waje."

"Wani abu ka gani a nawa?"

Ya juya naman da ke kan wuta. Sannan ya ce, "Ni ban ga komai ba. Amma in aka ji daga hannunki yajin ya fito, ba mai cin namana. Kin san abin da ake cewa ya kashe maigidanki."

Ban sani ba. A nan tsaye a bakin titi, da kwano a hannu, na ji shi karo na farko. Ƙanjamau. A lokacin rediyo kullum maganarsa yake, mutane suna ce masa kabari-kusa, kuma ba wanda ya san takamaimai yadda ake ɗaukarsa. Wasu su ce a numfashi, wasu a gumi, wasu a kofin ruwa. Abin da kowa ya yarda da shi kawai shi ne direbobi ke kawo shi daga kudu. Mijina direba ne, ya rame, ya mutu. Unguwa ba ta nemi wani ƙarin bayani ba.

Na dawo gida na ajiye kwanon a gindin dogonyaro, na kalli su ukun. Na ce, "Ashe kun sani."

Iya ta ce, "Mun sani."

"Wata huɗu kuna ji kuka ɓoye mini?"

Gwaggo ta ce, "Kina takaba za mu kawo miki shara ɗaki? To yanzu kin ji. Zauna ki ci abinci."

Ban zauna ba. Na shiga ɗaki na fito da kwanukana da kofina da ludayina daga cikin na gida, na ware su gefe guda. Na kwance gugana daga bakin rijiya. Na ce daga yau kada wanda ya ci da ni, kada wanda ya sha a kofina, ni ma ban san abin da ke jikina ba. Iya tana zaune tana kallona har na gama. Sannan ta tashi da ƙyar, ta kwashe kwanukan ta mayar da su cikin sauran, ta cakuɗa su yadda ba za a gane na wane ne ba.

Ta ce, "Kai, Uwar Biyu, wata takwas kana wankin mutumin nan ina taya kai. Ni na dama masa kunu, abin da ya rage ni na shanye. Ga ni nan. Mayar da gugan."

Bayan kwana kaɗan aka yi suna a layin bayanmu. Gwaggo ta ce sai mun je, duk mu huɗu. Na ce ba za ni ba. Ta ce in na fara ɓuya yau, sai na mutu ina ɓuya. Ta zaro sabon mayafi cikin kayan sayarwarta ta yafa mini. Da muka shiga, tabarmar da muka zauna a kai ta fara yin fili, mata suna tashi ɗaya bayan ɗaya kamar an kira su. Aka kawo wa Iya da Gwaggo da Amarya shinkafa a faranti babba. Ni aka kawo mini tawa a leda, aka ajiye a ƙasa nesa da ƙafata.

Amarya ce ta fara motsi, ita da ba ta iya ɗaga ido a gaban manya. Ta miƙa hannu ta ɗauki ledar, ta kwance, ta juye a cikin farantinsu, ta tura shi gabana. Ta ce, "Yaya, bisimilla." Muka ci mu huɗu har muka sharce farantin. Da za mu tafi Gwaggo ta ɗauke shi ta sa a hammata. Ta ce wa uwar gidan, "Na san fasa shi za ku yi. Bari in rage muku aiki." Wannan farantin ya daɗe a gidanmu.

Tun daga ranar Iya ta canja wurin cin abinci. Da hantsi sai ta ja tabarma zuwa ƙofar gida, inda duk mai wucewa zai gani, ta kira ni da yarana, ta sa mu ci a kwano ɗaya da ita. In ta ga mutum ya rage tafiya yana kallo sai ta ɗauki ƙulina ta gutsura da 'yan haƙoran da suka rage mata, ta yi masa tayi. Ni kunya kamar ta kashe ni a ranakun farko. Daga baya na fara ɗaga kai ina kallon masu kallona, sai na ga su ne suke sunkuyar da kai.

Amarya ce ta fi shan wuya. Mijinta ya hana ta shiga ɗakina, ya hana ta taɓa yarana, ya ce in ya sake jin ta ci da ni zai mayar da ita Gadaka. Ba mugun mutum ba ne, shi ya ɗauki makarar mijina ta gaba. Tsoro ne ya cika shi, ya fi na kowa. Ni da kaina na ce mata ta bi maganar mijinta. Ta ce to. Yana fita gareji da safe sai ga ta da faifai ta zauna kusa da ni tana sheƙe gyaɗa.

Na ce, "Amarya, ba na son in zama sanadin aurenki."

Ta ce, "Yaya, ranar da aka kawo ni gidan nan ban san kowa ba, Hausa ma ba ta zauna mini ba. Ke kika kai ni kasuwa, ke kika nuna mini inji. Ya ce kada in shiga ɗakinki. Nan ai tsakar gida ce."

Sai ga mai gidan da muke haya ya zo. Dattijo ne ɗan kasuwa, bai cika zuwa ba. Ya tsaya a zaure ya ce a kira ni. Ya yi mini gaisuwar rashi, ya yi ta kewaye-kewaye, a ƙarshe ya ce mutanen unguwa sun same shi, suna ganin zai fi kyau in koma wajen dangina. Iyayena sun rasu, dangin da nake da su ba su fi ni ƙarfi ba, kuma ya sani. Sai na ji Gwaggo a bayana.

Ta ce, "Alhaji, ina wuni. Na ji bayaninka. In ta fita, ni ma na fita, Iya ma ta fita. Kuma ka san sana'ata, ba gidan da ba na shiga a garin nan. Duk inda na shiga zan faɗa musu ka tashe mu ne saboda ciwon yana cikin ginin gidanka, a bango da rijiya. Sai mu ga wanda zai kama ɗakin."

Ya ce, "Haba baiwar Allah, ai wannan ƙarya ce."

Ta ce, "Wadda suka kawo maka fa, wa ya tabbatar maka da ita?"

Ya tsaya yana jan carbi. Iya ta leƙo ta ce masa ita shekararta ashirin a ɗakin nan, kuma ta san shi tun yana saurayi, in yana so ya ɗauke ta da hannunsa ya fitar. Ya yi sallama ya tafi. Bai sake tayar da maganar ba.

Duk da haka ni hankalina bai kwanta ba. In na yi tari sai in tsaya ina sauraren ƙirjina. In ɗaya daga cikin yaran ta yi zazzaɓi sai in kwana zaune a kanta. Na ce ina so a gwada ni. A lokacin ba ko'ina ake gwajin ba, aka ce sai Maiduguri. Gwaggo ta ajiye tallarta ta raka ni, muka bar yaran wajen Iya da Amarya. Muka sauka gidan wata ƙawarta, aka ɗebi jinina, aka ce mu dawo bayan kwanaki. A kwanakin nan Gwaggo ba ta bar ni na zauna ba, ta yi ta jana kasuwa tana sa ni taya ta zaɓen turaren wuta da mayafai. Ranar karɓar sakamako, ma'aikaciyar ta zaunar da ni ta ce ba a ga komai a jinina ba. Ta kuma yi mana bayani a tsanake, cewa ko mai ciwon ne ba a ɗauka a kwano ko kofi ko gaisawa. Gwaggo ta sa ta maimaita sau biyu. Game da mijina kuwa, har yau ban sani ba. Likita ya ce tarin huhu ne, a nan na tsaya.

Da muka dawo Gwaggo ta ce in ba ta takardar gwajin, gobe za ta fara da gidan sunan nan, ta bi layi-layi tana nunawa. Na riƙe takardar ina dubawa. Na tuna ledar shinkafa a ƙasa. Na ce a'a.

Ta ce, "Ke, wahalar da muka sha fa?"

Na ce, "Don kaina na je, da yarana. Ba zan bi mutane da takarda ina roƙo su yarda ni mutum ce ba."

Iya ta ce, "Ta yi daidai. In da takardar ta ce akwai fa, sai mu zubar da Uwar Biyu a bola? In kin nuna musu wannan, kin ce musu abin da suka yi daidai ne, mutum ɗin kawai suka kuskure."

Gwaggo ta yi kwana biyu tana fushi da mu. Rana ta uku ta kawo wata shawarar, ta ce za ta riƙa ɗaukar man da ƙulin tana kaiwa unguwanni masu nisa ta ce nata ne. Wannan ma na ƙi. Na ce in za a saya, a saya an san nawa ne. Ta ce taurin kaina ya fi na jakin ɗaukar yashi, ta ɗauki kwalabe shida ta fita. Duk gidan da ta shiga sai ta ce, "Na matar direban nan ne da ya rasu, na Dogo Tebo." Wasu su saya, da yawa su ƙi. Ta dawo da huɗu.

Wannan shekarar mun ci wuya. Akwai ranakun da tukunya ɗaya ake ɗorawa a gidan, daga geron gonar Iya, a dama kunu a zuba ƙulin da bai sayu ba. Yarana sun ci ƙuli har suka tsane shi. Waɗanda suka fara dawo mini da ciniki su ne direbobi, abokan aikin mijina. Wani dattijo a cikinsu ya zo har ƙofar gida, ya ce ya ji abin da ake yi mini, su ma abin da ake faɗa a kansu ke nan. Ya ce in riƙa cika galan-galan, za su tafi da shi kudu inda man gyaɗa yake da daraja. Da wannan muka miƙe. Matan unguwa kuwa sai da suka ga shekara ta zagayo ban mutu ba, har na yi ƙiba, sannan suka fara aiko yara a ɓoye, kowace tana cewa kada a faɗa wa maƙwabciyarta. Na sayar musu. Ban yi musu gori ba, ban kuma yi musu dariya ba.

Bayan kamar shekara biyu bakaniken ya fara ciwo. Zawo ne da zazzaɓi, sai ƙuraje, sai rama. Ya daina fita gareji. Wata rana ina shara ya kira ni daga bakin ƙofarsa, ya ce, "Uwar Biyu, ki yafe mini." Na ce ban riƙe shi ba. 'Yan'uwansa suka zo suka tafi da shi ƙauye tare da Amarya, tana goye da jaririn da ta haifa. Bayan wata biyar muka ji ya rasu. Bayan shi jaririn.

Ana tsakiyar damina ɗan acaɓa ya sauke wata mata a ƙofar gidanmu da ƙullin kaya ɗaya. Sai da ta yi magana na gane Amarya ce. Dangin mijin sun ce ta tafi gidansu. A Gadaka mahaifinta ya rasu, matar yayanta ta ce ba za ta zauna da ita cikin yara ba. Ta tsaya a zaure, ba ta shigo ba.

Ta ce, "Yaya, ni nawa na gaske ne. An gwada. Ban zo in zauna ba, na zo in gan ku ne."

Na karɓi ƙullin daga hannunta. Ɗakinsu an riga an ba wasu, saboda haka na shimfiɗa mata a nawa, yarana suka koma ɗakin Iya. Sababbin 'yan hayar suka kwashe kayansu a satin, ba mu roƙe su ba.

Gwaggo ta je asibiti ta samu wata ma'aikaciyar jinya, ta tambaye ta yadda ake kula da irin wannan majinyaci. Matar ta zo da kanta ranar hutunta, ta nuna mana yadda za mu sa safar hannu in akwai jini ko rauni, da yadda za mu jiƙa zannuwa a ruwan bilic kafin wanki. Ta ce ban da wannan, mu ci da ita, mu taɓa ta, mu yi hira. Muka raba aikin ba tare da mun zauna mun raba ba. Iya ce mai kunu da tausar ƙafa, tana yi mata waƙoƙin yarensu da ba wanda yake ji sai ita. Gwaggo ce mai neman magani da faɗa da duk wanda ya tsaya a ƙofa yana leƙe. Ni ce mai wanka da wanki. In ta ji ƙarfi sai mu fito da ita gindin dogonyaro, ta ce a ba ta faifai, ta sheƙe gyaɗar da ba ta fi tafi biyu ba, ta gaji.

Unguwa ta koma yadda take a da, har ta fi. Yaran da ake aikowa suka ɗauke ƙafa. Aka daina amsa sallamar Gwaggo a wasu gidajen da ta shekara goma tana shiga. Wannan karon ban ji komai ba. Na riga na san iyakar abin da za su iya yi mana.

Wata rana ina taje mata ɗan gashin da ya rage, ta ce, "Yaya, in na mutu wa zai yi mini wanka? Na ji an ce irinmu ba a taɓa su."

Na ce, "Wa yake miki yanzu?"

Ta yi murmushi ta ce, "Ke."

"To ki daina tambaya."

Wata uku ta yi a ɗakina. Ta cika wata safiya bayan an ɗauke ruwan sama, kanta a cinyar Iya. Shekararta ashirin da biyu.

Muka aika wa matan da suka saba wankan gawa a unguwar. Ɗaya aka ce ta yi tafiya, ɗaya ba ta da lafiya. Iya ta ce ba ma sai an sake aikawa ba, ta yi wa 'ya'yanta mata biyu, ta san yadda ake yi. Na ja ruwa a rijiya na ɗumama. Gwaggo ta yanko farin yadi daga cikin kayanta. Muka sa safar hannu kamar yadda aka koya mana, Iya tana faɗa muna bi, dama kafin hagu, har muka gama muka sa mata turare muka naɗe ta. Ba ta fi nauyin yarinya 'yar shekara goma ba.

Saura maza. Na leƙa waje, ba kowa a ƙofar gida, alhali duk layin an ji. Gwaggo ta yafa mayafi ta tafi gidan limamin unguwa, ta tsaya a ƙofa ta ɗaga murya yadda na cikin shaguna za su ji. Ta ce, "Malam, akwai gawar musulma a gidanmu, mun yi mata wanka mun suturta ta. In maza ba za su ɗauka ba, a faɗa mana, mu mata uku za mu ɗauka mu bi ta tsakiyar kasuwa da ita har maƙabarta." Liman ya fito yana saka hula. Ya ce ba wanda ya sanar da shi, kuma ba za a yi haka yana raye ba. Shi da kansa ya shiga masallaci ya ɗauko makara, ya tsaya a bakin layi yana kiran mutane ɗaya-ɗaya. Wasu suka fito, wasu suka maƙale. Dattijon direban nan ya zo da mutum biyar daga tasha. Sahu biyu aka yi. Muna tsaye a zaure muka ga an ɗauke ta, Iya tana riƙe da hannuna na dama, Gwaggo na hagu, har suka sha kwana.

Ba mu yi zaman makoki mai jama'a ba, don ba jama'ar. Mu uku muka zauna kwana uku. Rana ta huɗu Iya ta ce gyaɗar da ke buhu za ta yi fumfuna in aka bar ta, muka hura wuta.

Bayan wata biyu, wata ranar Laraba da hantsi, muna cikin matsar mai sai muka ji sallama. Wata mata ce da ba mu taɓa gani ba, ta rufe fuska da mayafi, ta ce daga can bayan tasha take. Muka ba ta wuri ta ƙi zama. Ta ce kwalba ɗaya take so. Na zuba mata, ta karɓa, ba ta tafi ba. Ta yi ta juya kwalbar a hannu. Can ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, an ce mata a gidan nan akwai matan da suka san yadda ake jinyar mai irin ciwon nan. 'Yarta ce, an dawo mata da ita daga gidan miji, yau sati uku tana kwance a ɗakin ajiye kaya, ita kuma tana tura mata abinci da sanda don tsoro. Da ta faɗi haka sai ta fashe da kuka.

Iya ta kalli Gwaggo, Gwaggo ta kalle ni. Na sauke kaskon daga wuta, na rufe turmin da faifai, na wanke hannuna. Gwaggo ta shiga ɗaki ta ɗauko sauran safar hannun da kwalbar bilic ta ƙulle a ɗankwali. Iya ta ce ƙafarta ba za ta kai bayan tasha ba, za ta zauna da yara, amma mu tsaya ta dama kunu mu tafi da shi. Muka jira ta dama, ta juye a kwano ta rufe. Na ɗauka, matar ta shige gaba, muka bi ta.